Lissafin rigunan yini a gidajen ɗinkin Istanbul

Telan da ya taso daga Kano ko Maraɗi ya saba shi ke yanka, shi ke ɗinki, shi ke guga. A gidajen ɗinkin unguwannin Zeytinburnu da Bagcilar na birnin Istanbul a Turkiyya ba haka abin yake ba. Da farko ma ba keke za a ba ka ba, kwasar yankakken yadi za ka riƙa yi tsakanin masu ɗinki. In ka samu keke kuwa, ɗinki ɗaya ne naka daga safe har dare: kafaɗa, ko hannu, ko wuya, ko kalmasa. Shi ya sa muke gaya wa sabon zuwa ya koyi yadda ake fitar da adadin yini, don da wannan adadin ake auna shi.

Ana fara wa ne da agogo. A tsaya kan kowane mai keke, a auna lokacin da ya ci a kan riga goma, a raba da goma. Sai a ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari saboda tsinkewar zare, karyewar allura, canza zaren ƙasa da zagayawa. A haɗa lokutan duka, a samu mintin riga guda. A ce tishat ce, ta ci minti 8. Mutum 20 a awa 9, ban da hutun abinci, minti 10,800 ke nan. Raba da 8, riga 1,350. Wannan a takarda ne kawai, babu layin masu ɗinki da ke kaiwa can. In layin na aiki da kashi 60 na ƙarfinsa, 810 za a sa rai.

Inda maigida ke yawan kuskure shi ne ya manta da wurin da aiki ke cushewa. Sa wuya na iya cin daƙiƙa 50. In mutum ɗaya ne a kai, riga 72 zai fitar a awa, 648 a yini, ko da sauran 19 sun fi walƙiya sauri. Za ka ga kaya sun yi tsibi a gabansa, na bayansa suna zaune hannu sake. Maganin a ƙara masa mutum da keke. Ihun a yi sauri ba ya ƙara ko riga ɗaya, sai dai ya ƙara karkataccen ɗinki, a warware a sake, a ci lokaci biyu.

Ranar da aka shigo da sabon samfuri adadi kan faɗi, sai hannu ya saba bayan kwana biyu ko uku. Haka in yadin mai santsi ne ko mai miƙewa.

Baƙon da bai ji Turkanci ba shi aka fi saurin ɗora wa laifi idan adadi bai cika ba. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu, ka rubuta abin da ya wuce ta hannunka kowace awa, da mintin da keke ya tsaya, da lokacin da ka zauna jiran kaya.