Godiya ga Ikkilisiya da Maƙwabta Bayan Kwana 43 Ba Albashi

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu ga iyayenmu, dattawan ikkilisiya, zumuntar mata, matasa da dukan 'yan'uwa na nan Washington, Maryland da Virginia, da kuma na gida. Kwamitin jinƙai na zumuncinmu ne ke rubuto wannan, yanzu da ƙura ta lafa.

Daga 1 ga Oktoba zuwa daren 12 ga Nuwamba 2025 ayyukan gwamnatin tarayyar Amurka suka tsaya. Kwana 43 cur, har ya zarce kwana 35 da aka yi tsakanin ƙarshen 2018 da farkon 2019. Na gida sun yi ta tambaya yaya ƙasa kamar Amurka za ta kasa biyan albashi. Ba kuɗin ne babu ba. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa 1 ga Oktoba, doka kuma ta hana ma'aikatu kashe ko sisi sai majalisa ta amince, ita kuwa majalisar dattawa sai da ƙuri'a 60 ake wuce irin wannan ƙudiri. 'Yan siyasa suka ja daga, ma'aikaci ya kwana a ciki.

Godiya ta fari ga Allah, wanda ya riƙe gidajenmu. Sa'an nan ga fastonmu da dattawa, da suka faɗa a fili tun makon farko cewa wanda albashi bai shigo masa ba, kada batun zakka ya hana shi barci ko ya hana shi zuwa sujada. Wannan magana ta sauke wa mutane nauyi fiye da yadda ake zato. Akwai wanda kunyar wucewar kwanon baiko kaɗai kan sa ya zauna a gida, kuma wanda ya daina zuwa shi ne ba a sanin halin da yake ciki sai an liƙa masa takardar tashi a ƙofa. Taron addu'ar da aka riƙa yi ta waya da asuba ya yi aiki biyu: an roƙi Ubangiji, an kuma gane muryar da ta ɓace domin a neme ta.

Iyayenmu na zumuntar mata, sannunku da aiki. Ku kuka tsara kwalin mako na gida mai mutum biyar: shinkafa fam 10, wake fam 4, man girki kwalba ɗaya, tumatirin gwangwani, albasa, taliya da ƙwai dozin biyu. Ku kuka lura cewa madara da kaza ba sa jure jira a ɗakin da babu firji, aka koma ba da katin sayayya na kanti a madadinsu. Ku kuma kuka tuna mana cewa tallafin abinci na SNAP ba ya sayen kunzugun jarirai, sabulu ko audugar mata, alhali su ne suka fi saurin ƙarewa a gidan da ke da goyo. Da aka shiga Nuwamba kuɗin SNAP ɗin ma ya tsaya, shirin da kimanin mutum miliyan 42 ke dogaro da shi, sai layi ya ninka har da waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba. Ba ku kori kowa ba, ba ku tambayi addinin kowa ba. Muna kuma gode wa Capital Area Food Bank da World Central Kitchen saboda abincin da suka raba wa ma'aikata, da masu amsa lambar 211 da ke nuna wa mutum inda taimako yake kusa da gidansa.

Godiya ta musamman ga 'yan'uwa masu ilimin lissafi da aikin banki, waɗanda suka riƙa zama bayan sujada da biro da takarda. Abin da suka koyar ya cancanci a ajiye shi.

Ma'aikata kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka ce su zauna a gida, akwai waɗanda dole su je aiki ba biya, irin masu binciken fasinjoji a filin jirgi da masu kula da zirga-zirgar jirage. Kashi na biyun sun fi jin jiki: ga kuɗin mai, ga na mai renon yara, ga shi a yawancin jihohi ba sa samun kuɗin rashin aiki tunda a hukumance suna aiki. Shi ya sa aka fara ba su katin mai kafin kowa. Na kashin farko suna iya neman kuɗin rashin aikin da takardun SF-8 da SF-50, wato takardun gwamnati masu shaida wurin aikin ma'aikaci da matsayinsa, amma a jihar da ofishinsu yake, ba inda suke kwana ba. Mai zama a Maryland da ke aiki a cikin Washington, can zai nema. Wanda ya kuskure wannan sai ya sake daga farko. Kuma kuɗin nan tamkar rance ne: dokar 2019 ta ce a biya ma'aikata albashin baya idan an buɗe, don haka in ya shigo sai an mayar wa jiha abin da ta bayar.

Abu na gaba, a dakatar da cirar kuɗi ta kai-tsaye daga asusu tun ranar farko, domin kowace cira da ta tarar da asusu wayam tana iya jawo tara. Sai a jera buƙatu: haya ko bashin gida, wuta da ɗumama ɗaki, magani, mota, katin bashi a ƙarshe. A kira mai gida ko banki kafin ranar biya, ba bayanta ba, a haɗa da takardar shaida daga wurin aiki. Bashin da ya yi kwana 30 ba a biya ba yana iya shiga tarihin bashin mutum, ya bi shi shekaru. In an ɗaga maka biya, ka nemi a rubuta, ka kuma tambaya ƙarara: watannin da aka ɗaga, dunƙule za a biya su ko a ƙarshen bashi za a ɗora? Nan ne mutane suka fi faɗawa rami.

Rancen da ba ruwa, irin wanda Navy Federal da wasu bankunan haɗin gwiwa suka bai wa masu karɓar albashi ta wurinsu, ya ceci gidaje. Masu ba da rancen jiran albashi kuwa, a guje su. Dala 15 a kan kowace 100 na mako biyu kamar ba komai, amma a lissafin shekara ruwan ya kusa kashi 400 cikin ɗari. Haka cire kuɗi daga asusun fansho na TSP: wanda bai kai shekara 59 da rabi ba, sai ya biya haraji, yawanci har da tarar kashi 10. Inshorar lafiya ba ta tsaya ba, sai dai kuɗinta na taruwa, daga albashin baya ake cirewa. Wanda ya ga abin da ya shigo bai kai lissafinsa ba, ya duba nan tukuna kafin ya ta da hankalinsa.

Ga waɗanda suka zuba a asusun jinƙai, har da ɗalibai da masu tuƙin haya da su ma a daddafe suke, Ubangiji ya mayar muku ninki. Mutum biyu kaɗai suka san sunayen masu karɓa, kuma kai tsaye aka riƙa biyan mai gida ko kamfanin wuta, aka ajiye rasit. Cikakken lissafi yana wurin ma'aji ga duk mai son gani. Masu gidajen haya da suka yi haƙuri, da maƙwabtanmu Musulmi da suka shigo da buhunan shinkafa ba tare da an roƙe su ba, mun gode, Allah ya bar zumunci. Iyayenmu na Kaduna, Jos, Gombe da Yola da kuka ce a dakatar da aiken wata har abin ya wuce, kun san zafin jiran albashi fiye da mu, kuma mun san abin da wannan haƙuri ya ci muku.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi damunmu. Dokar albashin baya ba ta shafi ma'aikatan 'yan kwangila ba: masu shara, masu gadi, masu dafa abinci a gine-ginen gwamnati. Makonni shidan da suka rasa, yawancinsu sun rasa ke nan, ga hayar Disamba a bakin ƙofa. Saboda su asusun jinƙai zai ci gaba da zama a buɗe, rabon kwalin mako ma ba za a tsayar ba tukuna. Wanda albashinsa ya shigo, ya fara mayar da kuɗin jiha da rancen da ya ci, sa'an nan ya tuna da su.

A kuma sani cewa kuɗin da majalisa ta amince wa yawancin ma'aikatu a Nuwamba 2025, na zuwa 30 ga Janairu 2026 ne kawai aka bayar. Kowa ya buga SF-50 ɗinsa da takardar albashinsa ta ƙarshe ya ajiye a gida tun yanzu, domin in an sake rufewa shiga kwamfutar ofis kan gagara. Za a yi sujadar godiya ranar Lahadi mai zuwa, kwamiti zai zauna bayanta da duk mai sauran takardar da ta ɗaure masa kai.

Naku cikin hidimar Almasihu,
Kwamitin Jinƙai