Kwana 16 kacal

Yau a ɗakin malamai, lokacin tara, musu ya kaure kan wane ne gwarzon shugaba a cikin Rumawan da. Ni na kafe kan Agustus, wanda ya kashe wutar yaƙin basasa ya riƙe daular shekara 40. Abokina ya ce sam, sai Yuliyas Kaisar. Muna ta ɗaga murya, sai Baba, malamin tarihinmu, ya ajiye kofin shayinsa a hankali ya ce, "Yarana, kun manta da Sinsinatus." A shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), in ji marubutan Rum, wakilan majalisa suka iske shi a gonarsa, jiki duk ƙasa. Abokan gaba sun yi wa rundunar Rum ƙawanya, aka danƙa masa cikakken iko na wata 6. Ya ceto rundunar, cikin kwana 16 ya mayar wa majalisa da mulkinta, ya koma kan garmarsa.

Ɗakin ya yi tsit, wallahi har tsigar jikina ta tashi. Na dawo gida ina ta tunanin sauran kusan wata 5 da rabin nan da ya bari, alhali babu wanda ya ce masa ya sauka.