Yawan tashi daga gidan haya yana cin lafiyar iyali

Abin da ke fara lalacewa idan iyali suna ta sauya gida shi ne magani mai dogon zango. A duba tarin fuka. Wata 6 ake yi ana shan maganinsa: wata 2 na farko magani huɗu a haɗe, sauran wata 4 magani biyu, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya. Bayan 'yan makonni tari kan lafa, jiki ya yi ƙarfi. Idan a daidai nan mai gidan haya ya ce a tashi, sai mara lafiya ya koma wata unguwa, ya ga ai ya warke, ya ƙi komawa karɓar sauran. Cutar kuwa ba ta mutu ba. Tana iya dawowa ta ƙi jin magani, ta kama yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da shi. Kafin a ɗaure kaya, a je a karɓi takardar canjin asibiti tare da maganin da zai kai mutum har ya zauna.

Haka rigakafin jariri, na mako 6, 10 da 14, da na ƙyanda a wata 9. Katin kan ɓace cikin ƙullin kaya. Ko an yi latti ba a komawa farko, ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya.

Ɗaya ɓangaren ya fi damuna. Wanda bai san ko zai kai baɗi a gida ba, ba zai kashe kuɗinsa a kai ba, alhali gyaran da ke kare lafiya ba shi da tsada sosai. A Meziko, shirin Piso Firme da aka fara a jihar Coahuila a 2000 ya maye turɓayar ɗakuna da siminti, kuma bincike ya nuna gudawar yara ta ragu da kusan rabi, tsutsar ciki ta ragu fiye da haka. Yaro mai rarrafe hannunsa a ƙasa yake, daga nan sai baki.

Ɗaki mai mita 3 tsawo da mita 3 faɗi, daɓe mai kaurin santimita 5, zai ci kusan buhu 3 na siminti. Kowane buhu a haɗa shi da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. A daddale ƙasa sosai tukuna, a kuma yi ta ba shi ruwa kwana 7. Gaggawar shiga ɗaki ce ke sa ya tsage, tsagar kuma ta zama maɓoyar kyankyaso da ƙazanta.

Sai ratar da ke tsakanin kan bango da kwanon rufi. Ta nan sauron zazzaɓi ya fi shigowa da dare. A toshe ta, amma a sa raga a taga a riƙa buɗewa, domin ɗakin da ba iska, ga cunkoso, shi ke taimakon sanƙarau da bazara.

Ɗan haya ya nemi a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a fayyace wa'adin tashi, da cewa kuɗin daɓe da raga za a cire daga kuɗin haya. A Legas da Abuja, doka ta ba mai biyan shekara-shekara sanarwar wata 6, sai dai in takardar da suka sa wa hannu ta faɗi wani wa'adin.