Ramin dusar katako da rahoton Dakta

Tunda na bar aikin binciken nan na bakin kogi a Maiwurno ta ƙasar Sudan, yanzu bakina ya buɗe.

Waɗanda muka yi aiki tare sun san tsarin. A haƙa rami tsakanin lambu da Shuɗin Nilu, a cika shi da dusar katako ko ɓawon gyaɗa, ruwan da ya wanko takin yuriya ya bi ta ciki kafin ya isa kogi. Bakteriya ce ke yin aikin, ba mu ba. In wurin ya jiƙe sharkaf har iska ta daina shiga, sai bakteriyar ta ci kabon da ke cikin katakon, ta mai da naitiret, wato sinadarin da takin ke komawa a cikin ƙasa, iskar naitirojin, iskar ta tashi sama. Sai dai abin ba ya son gaggawa.

Dakta, shugaban aikin, kuwa gaggawa yake yi, don masu ba da kuɗi suna tafe. Ya ce a zuba kashin shanu a rami ɗaya, wai don ƙwayoyin bakteriyar su farka. Na ce, "Dakta, Allah ya ƙara ilimi, ai kashin ma naitirojin ne fal cikinsa." Ya kalle ni sama da ƙasa, ya tambaye ni wa ke sa hannu a takardata. Aka zuba.

Da damina ta wuce, kogi ya janye, ramin ya sha iska, sai amoniyar kashin ta koma naitiret. Samfurin da na ɗebo ya zarce miligiram 50 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. A ƙasa da wurin kuwa mata ke ɗibar ruwa, wasu da goyo, alhali jarirai ne naitiret ya fi cutarwa. A rahoto aka rubuta wai ma'aikacin fili ne bai iya ɗaukar samfur ba. Ni ke nan.

Ƙannena masu zuwa, duk umarnin da aka ba ku da baki, ku maimaita shi ta WhatsApp, ku ajiye amsar.

Sauran kaɗan ne. Baƙar lakar nan tana dardarewa in ta bushe, ruwa ya bi tsaga ya kauce wa raminku, don haka ku tambayi Baba mai lambu inda ruwa ke bi kafin ku ɗauki diga. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwan ya daɗe a ciki fiye da kima.

Ramin da na hana a taɓa, mai dusa zalla, shi ne aka nuna wa baƙin. Dakta ne ya tsaya a hoton.