Bakin kwazazzabo

Yau awa 3 muka yi muna ratsa daji a ƙafa, ƙaya har ta yaga min wando. Tun ba mu ga kogin ba muke jin rugugin ruwa. Da na leƙa kwazazzabon, wallahi sai da ƙafata ta yi rawa, na zauna dirshan a kan dutse. Can ƙasa ruwan siriri kamar zare, amma wai shi ne ya yi ta goga dutsen nan da yashi da tsakuwa har ya tsaga shi gida biyu.

Na ciro waya zan ɗauki hoto, sai kawai na mayar aljihu. Har yanzu ƙarar ruwan tana kunnena.