Yadda na zaɓa wa Hajiya katifa da gado mai ɗaga kai

Likita ne ya fara kawo maganar. Mahaifiyata tana fama da ƙwannafi cikin dare, ga kuma ciwon ƙugu da ya daɗe, sai ya ce a riƙa ɗaga mata jiki tun daga ƙugu zuwa kai idan za ta kwanta. Ya hana a tara mata filo, domin filo wuya kawai yake lanƙwasawa, ya kuma matse ciki. Daga nan na shiga neman gadon nan mai rimot da ke ɗaga kai da ƙafa, kuma tun ban yi nisa ba na gane cewa sayen gadon da sayen katifarsa magana ɗaya ce.

Mu a nan da inci muke sayen katifa. Ka shiga shago, abin da za a fara tambayarka shi ne kaurinta inci nawa, sannan girmanta ƙafa shida ta shida ko shida ta huɗu da rabi. Idan ka ambaci ciwon baya, nan take a nuna maka mai tauri wadda ko ka zauna ba ta motsi. Wani mai shago har dukan tasa ya yi da tafin hannu, ya ce, “Alhaji, wannan ko jikokinka sai sun gaje ta.” Mai yiwuwa gaskiyarsa ce, amma ba za ta yi a kan gado mai lanƙwashewa ba. Gadon zai ɗaga, ita kuma ta tsaya a miƙe, ta bar rami a ƙarƙashinta. Haka ma katifa mai sifirin da aka ɗaure shi a haɗe. Waɗanda ke bin gadon su ne sosan memori fom, da na roba, da mai sifirin da kowanne ke cikin aljihunsa. Maganar taurin ma ba haka take ba. Wani bincike da aka yi a Sifen kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2003, ya nuna waɗanda suka kwana a kan katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu kwana a kan mai tauri sosai.

Shi memori fom asalinsa daga Amurka ne. A 1966 aka ƙirƙiro shi a wani aikin hukumar NASA domin kujerun jirgin sama, sai a farkon shekarun 1990 ya shiga kasuwar katifa da sunan Tempur. Idan ka danna shi da hannu ka ɗauke, shatin yatsunka zai ɗan jima kafin ya ciko, kamar kwaɓin fulawa. Wannan jinkirin shi ne amfaninsa: kafaɗa da ƙugu su nutse daidai nauyinsu, gadon baya ya samu abin da zai tokare shi. Ga mai kwanciya ta gefe kamar Hajiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen kwatanta su, saboda a ido duk ɗaya suke, farin yadi mai ado da zif. Na riƙa roƙon a zuge zif ɗin in ga ciki. A nan ne za ka ga cewa babu katifar da gaba ɗayanta memori fom ce. Shimfiɗa ce a sama, ƙasanta kuma soso ne na yau da kullum mai ɗaukar nauyi. Na ga mai inci 12 wadda shimfiɗar samanta ba ta kai kaurin yatsu biyu ba, na kuma ga mai inci 10 wadda tata ta kusa faɗin tafin hannu. Ta biyun ce ta fi, ko da ta farkon ta fi cika ido. Santimita 5 zuwa 10 a sama ya wadatar, kuma idan katifa ta yi kauri da yawa, lanƙwasa ta kan yi wa gadon wuya.

Sai nauyin soson, wanda ake aunawa da kilo a kowace mita kubik. Memori fom da ke ƙasa da kilo 50 shi ne mara nauyi, kuma shi ya fi saurin lotsawa. Daga 60 zuwa 80 ya fi ƙarko, sai dai ya fi riƙe zafi. Masu shago da dama ba su da wannan lissafi a kai, don haka na riƙa duba takardar da ke ɗinke a jikin katifar, inda babu kuma in ɗaga gefe ɗaya in ji. Katifa biyu masu girma ɗaya, wadda ta fi nauyi ita ta fi soso a ciki. Na kuma koyi cewa danna hannu ba gwaji ba ne. Sai ka kwanta yadda ka saba kwanciya, ka yi kamar minti goma sha biyar, saboda ɗumin jiki ne ke sa soson ya yi laushi. Da ƙyar na shawo kan Hajiya ta kwanta a shago. Ta ce, “Kai yaro, a gaban mutane?” Sai da ƙanwata ta kare ta da mayafi, masu shagon suka fita waje.

Zafi shi ne babban aibinsa, kuma ba na so a ɓoye wa kowa wannan. Soson yana rungume jiki, iska ba ta ratsa shi sosai. Akwai masu jel a ciki da masu ƙananan huji, suna rage abin, amma sanyin jel na farkon kwanciya ne. A Kano cikin Afrilu, idan babu fanka mai juyawa duk dare, mutum zai farka sharkaf da gumi. Da hunturu kuma akasin haka ne, sai ka ji ta ɗan yi tauri kafin jiki ya ɗumama ta.

A wajen gadon, tausa da fitila da wurin cajin waya ba su ɗauki hankalina ba. Tambayata ta farko ita ce: idan aka ɗauke wuta alhali kai yana sama, yaya za a sauke shi? Wasu suna da wurin saka ƙananan batura a akwatin wutarsu domin wannan kawai. Wanda ba shi da shi na bar shi, domin ba zan bar tsohuwa ta kwana a zaune tana jiran NEPA ba. Na duba ƙarfin wuta, tunda kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, tamu kuwa 230, na kuma haɗa shi da sitabilaiza. Na tabbatar akwai ƙarfen da ke tare katifa a wajen ƙafa don kada ta zame, na saurari ƙarar injin yana hawa da sauka, na tambayi nauyin da yake iya ɗauka haɗe da na katifar.

Awo ma sai an kula. Gadon da ake kira Queen a Amurka inci 60 ne a faɗi, 80 a tsawo, kuma bai yi daidai da katifunmu na ƙafa shida ba. Da tef na je, na auna gadon, sannan na nemi katifar da ta dace da shi. Ga ma'aurata akwai wanda aka raba biyu, kowa da ɓangarensa da rimot ɗinsa, sai dai katifa biyu yake ci. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gadon asibiti mai hannun juyawa yana yin aikin ɗaga kan, kuma babu ruwansa da wuta.

Daga ƙarshe mun ɗauki mai inci 10, matsakaiciyar tauri. Da aka kwance ledarta tana warin sabon soso, sai muka bar ta a ɗaki da tagogi a buɗe har warin ya fita. Mun sa mata rigar da ruwa ba ya ratsawa, domin wannan soso idan ya sha ruwa bushewarsa aiki ne, sannan zanin gado na auduga. Hajiya tana ɗaga kan kaɗan, ta ɗan ɗaga wajen gwiwa, abin da ke rage wa ƙugu nauyi. Tashin dare saboda ƙwannafi ya ragu sosai, kuma da asuba tana ɗaga gadon ta zauna da kanta ba sai an kama ta ba. Ciwon ƙugun yana nan, tana ci gaba da ganin likita. Saboda zafin bazara kuma, mun ƙara mata fanka mai caji a gefen gadon.