Abin da ƙasar laka ta koya mini

Aikin lambu a kan ƙasar laka ya nuna mini cewa ba talauci ke damunta ba. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ba su kai milimita 0.002 ba, shi ya sa take riƙe ruwa da abincin shuka fiye da rairayi. Iska ce ba ta samu. In ta sha ruwa sai ta cushe, saiwa ta shaƙe ta ruɓe. In ta bushe kuwa sai ta daskare ta tsattsage, fartanya ta yi ta tsalle a kanta.

Sanin lokacin taɓa ta shi ne rabin aikin. Wanda ya shiga da garma tana jiƙe sharkaf, hoge zai tayar, kuma hogen nan zai bushe ya yi ta wahalar da shi har ƙarshen damina. Ni dai sai na damƙi ƙasar a hannu: in ta dunƙule tana sheƙi, na ƙyale ta, in ta wargaje da ɗan matsawa, to ta yi. Ko tattaka ta da ƙafa tana da laima ɓarna ce, don haka nake yin kunya mai tudu, in bar hanyar bi a gefe.

Mutane na yawan ba da shawarar a zuba yashi. Ban yarda ba. Yashi kaɗan a cikin laka ai kwaɓin gini ne, sai ta ƙara tauri. Kafin ya yi tasiri sai an zuba mai tarin yawa, abin da ba kowa ke iyawa ba. Jifsam ma, farin ma'adinin nan da ake yabo wajen gyaran ƙasa, ya fi amfani ne inda sinadarin gishiri, wato sodiyam, ya yi wa ƙasa yawa.

Abin da na ga yana aiki shi ne taki da ya ruɓe sosai, da ganye, da ɓawon amfanin gona. Nakan shimfiɗa kaurin santimita 5 zuwa 10, in cuɗa da ƙasar sama, in rufe da busasshiyar ciyawa don kada ruwan sama ya daddaɓe fuskarta. Daga nan tsutsar ƙasa, wato tana, da sauran ƙananan halittu ke karɓar aikin, su huda hanyoyi, su haɗa ƙwayoyin su zama ɓurɓushi. Sai dai takin yana narkewa ya ƙare, dole a ƙara duk shekara, kuma ba a ganin canji sosai kafin damina biyu ko uku.